Jinin Kailani da Bakin Saratu

Mutanen wannan labari huɗu ne: Malam Udoka, masanin da ya daɗe yana nazarin tsuntsayen fadama kafin ya koma binciken jinin mutane; Inna Saratu mai waina a Tudun Wada; mijinta Mahmudu; da Kailani maɗinki.

Udoka ya ɗago kai daga madubin likita, gumi na karyo masa. Yana bin sawun wata alama ce a cikin jini, wadda ke kare mutum daga zazzaɓin cizon sauro, kuma ya riga ya shaida wa manyansa na wurin aiki cewa gadonta ake yi. To ga ta a jinin Kailani, babu ita a jinin ubansa Mahmudu. Saratu tana da ita, amma ta ce ba ta haɗa komai da yaron ba. Idan daga sama alamar ta faɗo, maganarsa ta rushe, aikin kuma za a rufe shi.

Ya hau keke ya nufi rumfar Saratu.

"Inna, don Allah wa ya haifi Kailani?"

"Wancan mai kunnuwa kamar faifai? Tambayi wadda ta haife shi."

Udoka baƙo ne, bai san kunyar ɗan fari ba. Amma ya tuna zamansa na fadama: ba a tambayar tsuntsuwa ɗanta, zama ake yi a ga bakin da take ciyarwa. Sai ya sami inuwa ya zauna.

Da hantsi Kailani ya gifta ya gaishe ta. Ta juya masa baya. Yana ɓacewa ta tsamo wainar da ta fi soyuwa, ta malala mata man shanu, ta miƙa wa Mahmudu da ke zaune a gefenta.

"Kai wa wancan. Ka ce saura ce."

Udoka ya taso yana karkaɗe wando.

"Inna, tunda Kailani ba naki ba ne, gobe zan cika kwalba da jininsa."

Ta yi wuf ta ɗaga ludayi. "Taɓa shi ka gani, Malam mai sauro! Ni na san naƙudar da na sha kafin..."

Sai ta toshe baki da mayafi. Mahmudu ya sunkuya yana dariya har waina ta kusa zubewa.

"Na gode, Inna."

"Ni ban ce komai ba."

"Ni ma ban ji komai ba," in ji Udoka, ya haye kekensa yana fito.

Inda alƙalamina ya karkace, mai karatu ya taimaka ya miƙe shi.