Shayin Sule Guda

Mutum na goma sha huɗu ke nan Ɗantani ya tura cikin a-kori-kurar Isa, amma bai bar waige-waige ba ko zai hango wani.

"Ɗantani, motag ga ta cika," in ji Isa direba. "Albasa nika ɗauka da ita, ba mutane ba."

"To yau mu na albasat. Tada mota mu tahi kahin mutanen Shagari su kwashe."

Da asubar nan labari ya iso Boɗinga cewa babbar mota ta sauke kaya a garin Shagari, za a sayar a farashin gwamnati: kowane magidanci madara gwangwani shida, sukari kwali ɗaya, sabulu biyu. A shekarar 1983 wannan ba ƙaramin labari ba ne. Lokacin nan in ka shiga kanti ka tambayi madara, sai mai kanti ya dube ka sama da ƙasa, ya ce babu, alhali kana hango kwalinta a ƙarƙashin benci.

Ɗantani manomin albasa ne, shi da madara sai dai a shayi. Maƙwabcinsa Na'Allah yake yi wa wannan rawar ƙafa, tsohon da katanga ɗaya ta raba su. Shekara ashirin da shida Na'Allah yana da teburin shayi a bakin hanya, kofi sule guda, wato kwabo goma. Da madara ta yi tashin gwauron zabo, sauran masu shayi suka kai kofi sule uku, wasu suka koma tsinka ta da ruwa har kana ganin gindin kofi. Shi kuwa ya ce ba ya iya duban idon wanda ya sani tun yana yaro ya ce masa sule uku, kuma ba ya sayar wa Musulmi ruwan zafi da sunan shayi. Ya kife teburi ya shige gida. Wata huɗu ke nan, kuma tun daga ranar jiki ya ƙi shi. Ƙafafu suka kumbura, tari ya zauna masa a ƙirji.

Shekaranjiya da Ɗantani ya shiga duba shi, tsohon ya kama masa hannu ya ce, "Ba mutuwa ad damuwata ba. Teburin ga dai nika so in gani tsaye, ko da sau guda na, in ba mutane shayi awa da."

Gwangwani shida ba sa tada teburi. Shi ya sa Ɗantani ya bi gida gida yana tattara tsofaffin masu zama a bencin Na'Allah, kowa ya je ya karɓi rabonsa, ya riƙe sabulu ya ba da madara da sukari.

Sun iske layi ya miƙe har ya zagaye wata kuka. Rana ta yi tsaka kafin su kai gaban malamin rabo, wani saurayi mai farin tabarau da tawadar dangwale a gabansa. Ya dubi Ɗantani, ya dubi rundunar da ke bayansa.

"Ku daga ina?"

"Boɗinga, ranka shi daɗe."

"Kayan ga na mutanen Shagari na. Naku na nan tahe."

Nan fa kowa ya tuna da danginsa. Aliyu wanzami ya ce uwarsa 'yar Dandin Mahe ce. Wani ya ce a nan aka yi masa kaciya. Husaini maɗinki, da ya laluba bai sami ko ƙanwar kaka ba, ya ce ai jakinsa a kasuwar Shagari aka saye shi. Layi ya kwashe da dariya, malamin rabo kuwa ko gezau. Ɗantani ya hango kansa yana komawa ɗakin tsohon nan hannu biyu, sai ya ji gara ya faɗi gaskiya kowa ya ji.

"Ranka shi daɗe, ba mu muka sha ba. Na'Allah mai shayi na ba lahiya. So shikai shi buɗe teburinai sau guda."

Wani dattijo mai jan rawani a layi ya juyo. "Na'Allah na bakin hanya? Shi ad da rai hal yanzu? Yaro, duba layin ga. Wa ab bai taɓa shan shayinai ba bisa hanyas Sakkwato?"

Aka yi ta ɗaga murya daga nan da can. Malamin rabo ya cire tabarau ya goge, ya ce doka doka ce, amma zai ba su rabi, gwangwani uku uku. Suka dangwala. Dattijon nan ya zaro biyu daga nasa ya jefa cikin rigar Ɗantani, bai ko tsaya a yi masa godiya ba.

Komawar nan Isa bai ɗaga hannu daga oda ba. Manya da furfura suna ta shewa a bayan mota, kowa ya rungume gwangwanayensa a cinya. A gida Safinatu, matar Ɗantani, ta karɓi sabulu ta shinshina. Ta dubi madarar, wadda rabon gidanta da ita tun sallar bara, ta daɗe tana dubanta, sannan ta ce, "Kai mishi tun ba ta shiga raina ba."

Da aka jere kayan a gaban Na'Allah, ya bi su da kallo. Ya ɗauki gwangwani ɗaya ya girgiza kusa da kunnensa, ya kira matarsa. "Uwani, hiddo butata ki darje ta da toka."

Washegari bayan sallar asuba aka ɗauko shi a kujera, mutum huɗu. An tada teburi, an wanke kofuna, gawayi ya yi ja. Kafin ruwa ya tafasa bakin hanya ya cika, har da waɗanda suka tako daga Dingyaɗi. Buta ta fi ƙarfin tsohon, don haka Ɗantani ne ke zubawa, shi kuma yana daga kujera yana ba da umarni, muryarsa ta dawo kamar ba shi ne ke kwance ba.

"Ɗaga hannu, Ɗantani. Shayi kaka hihitawa ko ban ruwan albasa? Ƙara mishi madara, kak ka ji tsoro nata."

Husaini ya ajiye takardar naira a teburi ya ce a bar canji. Na'Allah ya sa yatsa ya tura masa abarsa.

"Sule guda."

"Baba, ko kuɗɗin sukari ba su hita haka."

"Ni nac ce ma su hita? Sule guda."

Da hantsi ya ɗaga, ya ce a matso da shi. Ya karɓi kofuna biyu. Ya ɗaga ɗaya sama, shayi ya sauko dogo, siriri, ya faɗa cikin ɗayan, ya mayar, ya sake, sau uku, ko ɗigo bai zuba ba. Aka ɗauki kabbara da tafi. Ya miƙa wa Ɗantani kofin, kumfa har baki. Ɗantani ya kurɓa, ya ga yadda leɓen tsohon ya yi fari.

"Maishe ni gida," in ji Na'Allah. "Na gama."

Bayan azahar ya cika, Uwani na masa fifita. Kafin magariba an kai shi.

Da safe Ɗantani ya fito bakin hanya don ya kwashe kayan teburi ya kai wa Uwani. Yana cikin haɗa kofuna sai wata babbar mota ta ci burki. Direban, wani ƙato mai suna Muhammadu, ya diro yana dariya, burodi a hammata.

"Tun tashas Sakkwato nij ji an ce ya buɗe. Ban karya ba, nac ce sai nan. Ina tsohon?"

Ɗantani ya gaya masa.

Muhammadu ya yi salati a hankali. Ya zauna a bakin benci, ya ɗora burodin a kan gwiwarsa, ya dafa shi da hannu biyu. A can gefen kwalta motar na ta kaɗawa, ƙofarta a buɗe.