Motocin da ke Jiran Almakashi

Ranar da aka naɗa Esnart Gondwe ƙaramar ministar lafiya, matan garinsu sun yi guɗa har muryoyinsu suka dushe. Ta shekara ashirin da ɗoriya tana jinya da karɓar haihuwa a asibitocin bakin tafki kafin jama'a su tura ta majalisa, don haka kowa ya ce an ajiye ƙwarya a gurbinta. Mutum ɗaya ne bai yi mata barka ba, wato tsoho Msiska, wanda ya taɓa riƙe kujerar, yanzu ya koma noman taba. Ya zo walimar naɗin cikin tsohuwar kwat ɗinsa, ya tashi da malmala biyu ta nsima, tuwon masararsu, da soyayyen kifi, sannan ya jawo kujera kusa da ita.

"Amayi," in ji shi, wato Uwargida a harshensu, "barka zan yi miki ko jaje?"

"Haba Abambo," ta ce, wato Baba, "ko baƙin ciki kake yi?"

"Da me? Ai ni na san asalin kujerar nan. Wani babban minista ne ya gaji da zuwa ta'aziyya, ya roƙa a samo masa ɗan aike mai tuta a mota. Na farko da ya hau, annobar ƙyanda ce ta sauke shi. Wadda ta gaje shi, magani ya ɓace a sito aka ce ita ce, alhali ko makullin ba ta taɓa gani ba. Ni kuwa yajin aikin likitoci ya ci ni. In an gina asibiti, babba zai buɗe. In rufin ya rufto, ke za ki tsaya gaban 'yan jarida. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi."

Esnart ta yi dariya, ta sa aka ƙaro masa kifi.

Ba a jima ba ta daina dariyar. Ofishinta yana can ƙarshen baranda. Duk takardar da ta iso gabanta an riga an yanke hukunci a kanta. Ta buɗe makewayin makarantu, ta raba gidan sauro, ta karanta jawabai da sunan mai gidanta a ofis, babban minista Dokta Chimwaza, wanda ya fi sanin kujerun jirgin sama a kan bencin asibiti. Ta haɗiye, tana cewa sannu ba ta hana zuwa.

Da damina ta kankama sai amai da gudawa ya ɓarke a Nthumbo, wani ƙauyen masunta inda ta taɓa aiki tana budurwa. Labari ya zo cewa a kan keke da kwalekwale ake kai marasa lafiya babban asibiti, wasu a hanya suke cikawa. A daidai lokacin, in ta leƙa ta tagarta, sababbin motocin ɗaukar marasa lafiya ne jere a harabar ma'aikata, farare fes, kyautar wasu masu ba da agaji. Sun fi wata a nan, tsuntsaye na yi musu kashi.

Ta shiga wurin babban sakatare, Mista Nkhoma, ba tare da ta jira iso ba.

"Bwana Nkhoma, a ba ni motocin nan yau. Mutane na mutuwa a Nthumbo."

Ya cire tabarau ya goge da gefen riga. "Ranki ya daɗe, ai ba a ƙaddamar da su ba."

"Ba su da inji ne?"

"Suna da shi. Amma mai girma minista ne zai yanke zare, ga jakadu an gayyata, an ma biya kuɗin rumfa. Yana dawowa daga taro ƙarshen mako mai zuwa."

"To ni zan yanke. Kawo almakashin."

Nkhoma ya yi murmushin da ake yi wa yaro in ya ce zai tuƙa jirgi. "Ba a taɓa yi ba, Amayi. Ba hurumin ofishinki ba ne."

Ta kira Chimwaza a waya. Tana jin ƙarar cokula a bayansa. "Ƙanwata, kwantar da hankalinki," in ji shi. "Cutar nan duk shekara tana zuwa. Ki je ki yi musu jaje a madadina, ki tafi da sabulu."

Sabulu! Ta kashe wayar. Ta sauko haraba ko jaka ba ta ɗauka ba, ta tarar da direbobi a ƙarƙashin bishiya suna dara. Ta ce, "Wa ke da makullan nan?" Shugabansu ya fara inda-inda, wai sai da izini daga sama.

"Ni daga ƙasa na fito? Ni minista ce ko mai sayar da ayaba? Duk abin da ya biyo baya a wuyana. Wanda uwarsa ta haife shi da zuciya ya tashi."

Uku suka miƙe. Sauran suka sunkuyar da kai ga dararsu.

Abin da ta gani a Nthumbo bai bar ta ta ci abinci ba ranar. Ɗakin shan maganin ya cika, mutane kwance a tabarma ƙarƙashin mangwaro, an rataye ledar ƙarin ruwa a rassa. Ma'aikaciyar jinya ɗaya tal, idonta ya yi ja don rashin barci. Esnart ta ɗaura zane a kan kayan ofis, ta wanke hannu, ta shiga neman jijiya. Motoci suka yi ta jigila.

Ana cikin haka wani masunci ya tsaya yana shafa jikin mota. Ya ce, "Amayi, yaushe waɗannan suka iso ƙasar?"

Ba ta iya ƙarya ba. "Sun kwana biyu."

"Shekaranjiya na ɗaure matata a bayan keke da zaninta. Ban san ta rasu ba sai da na isa, ina ta yi mata magana a hanya." Bai zage ta ba, bai ɗaga murya ba. Ya juya ya tafi. Da ya zage ta da ya fi mata sauƙi.

Da Chimwaza ya dawo aka kira ta birni. Majalisa na son bayani, kuma kamar kullum ita za ta tsaya. Nkhoma ya miƙa mata jawabi: wai bisa umarnin gaggawa na mai girma minista aka tura motoci, kuma an shawo kan lamarin. Ta karanta layin farko a zauren, ta tsaya, ta kife takardar.

"Mai girma shugaban majalisa, ba wanda ya ba da umarni. Ɗauka na yi. Sauran motocin suna can har yanzu suna jiran almakashi, mutanen Nthumbo kuma suna haƙa kaburbura."

Zaure ya kaure. 'Yan adawa na buga tebur, ba don Nthumbo ba, don sun samu nama. 'Yan jam'iyyarta na ihu, "Zauna! Butulu!"

A labaran rana na rediyo ta ji an yi garambawul, an sauke ta, an gode mata bisa hidimar da ta yi wa ƙasa. Wannan bai dame ta ba. Abin da ya sa ta jifa da kofi shi ne, washegari aka aika a dawo da motocin uku, cutar ba ta lafa ba. Aka wanke su da omo, aka ɗaura musu ƙyalle, 'yan makaranta suka yi rawa, Chimwaza ya yanke zare yana murmushi. Da aka zo rabo, biyu suka tafi mazaɓarsa, inda kwalta ta kai har ƙofar asibiti. Nthumbo ba ta samu ko taya ba.

Esnart ta koma bakin tafki, ta yi hayar wata tsohuwar akori-kura ta dillalan kifi, aka shimfiɗa katifu a baya. Ƙarnin kifi ya hana marasa lafiya sakat, amma tana kai su asibiti. A tafiya ta biyu motar ta kafe a taɓo, da mace mai ciki a kwance a ciki. Esnart ta tuɓe takalmi ta diro, laka har gwiwa. Matasan da ke gefen hanya suka tsaya kallon tsohuwar minista.

"Me kuke kallo?" ta daka musu tsawa. "Biki ake yi? Ku zo ku tura!"