Birkin Direba

"Buɗe, Baba. Ƙara buɗewa," in ji likitan haƙori.

Direba ya wage baki iya ƙarfinsa. Shekara uku ke nan ba shi da haƙorin ƙasa ko ɗaya. An riga an dasa masa ƙusoshi huɗu a muƙamuƙi, yau kuma za a gwada gadar ƙarfen da haƙoran za su hau. In ta zauna daidai, ranar Asabar zai yi dariya a hoton auren 'yarsa. Tun asuba ya gama sanar da unguwa, har da mai wankin mota.

Likita na da takardun shaida bakwai a bango, uku na taron wuni ɗaya ne. Ya juyo da allon kwamfuta.

"Kun ga kore? An auna an gama. Na'urar nan ko silin gashi ba ya tsere mata. Daga waje na kawo ta."

Matar Direba ta dubi koren ta ce ma sha Allah.

Ya ɗora gadar, ya fara ɗaure sukurori. "In ka ji ta matse ka, ɗaga hannu."

Hannun Direba ko motsi. Idanunsa sai ƙyalli suke.

"Likita, tsaya," in ji matar. "Zafi yake ji."

"Mama, ai na'ura ta nuna..."

"Ni ban san na'ura ba. Dubi ƙafarsa."

Takalmin dama ya faɗi. Ƙafar ta miƙe, tana danna iska da ƙarfi.

"Birki yake takawa. Shekara talatin da biyar, in abu ya ci shi haka yake yi."

Likita ya yi tari. Ya kwance sukurorin, ya bar guda ɗaya ɗaure a gefe guda, ya leƙa ɗaya gefen. Gadar ta ɗaga. Ya danna, ta yi rawa kamar teburin mai shayi.

"Da an ɗaure ta haka, ko sukuru ya karye ko ƙashi ya ji jiki. Sai an sake. Sati biyu."

Direba ya miƙe zaune. "Ke! Wa ya tambaye ki? Asabar fa!"

"Sai ka rufe baki a hoton, Malam. Surukai su ce kamala ce."

Likita ya cika shafi guda da Turanci. Har sun kai ƙofa ya gyara tabarau.

"Mama, ranar gwaji ku zo tare. Ki zauna ta wajen ƙafa."