Haƙorin Kaka

"Baba Ɗanasabe, ko ludayi biyu ne ka daure ka sha," in ji Hasiya, tana tsugune a bakin ɗakinsa da kwanon koko.

Tsohon bai juyo daga bango ba. "Ajiye, 'yar nan. Ghali ya shiga gonar?"

"Bai shiga ba."

Ƙarya ta yi, kuma ba ta ji nauyinta ba. Katanga ɗaya ce tsakanin gidajensu, tun da matarsa ta rasu ita ke kula da cinsa da shansa, ta san abin da ke kashe shi ba zazzaɓi ba ne.

Gonar tana gindin dutse, a hanyar Riruwai. Ba shi da takardarta. Shaidarsa wani tsohon kabari ne a tsakiyarta, wanda ya gaji labarin cewa na kakan kakansa ne. Shekara goma Ghali, maƙwabcinsa na gona, yana cewa filin na gidansu ne, dagaci yana sallamarsa da magana ɗaya: wanda kakansa ke kwance a ƙasa, ƙasar tasa ce.

Sai wata damina ruwa ya zaizaye kabarin, ƙashi ya bayyana. Labari ya kai wata jami'a, masu bincike suka zo da mota da safar hannu. Suka ce haƙori ɗaya suke roƙo daga gawar, da ɗan yawun Baba a kwalba, za su gwada su gano daga ina mutanen farko suka zo ƙasar nan.

"Baba, a bar kaza cikin gashinta," Hasiya ta ce masa a lokacin.

"Ke ba ki san boko ba. Takarda za su ba ni, bakin Ghali ya mutu har abada."

Takardar ta zo bayan shekara ɗaya da rabi. Shi da kansa ya sa babbar riga, ya tara mutane a ƙofar dagaci, ya miƙa wa malamin firamare ya fassara. Hasiya tana jin komai daga zauren maƙwabta. Mai kabarin ya haura shekara dubu uku. Mutanensa daga nesa suka zo, suka zauna, suka wuce. Babu alamar shi ya haifi kakannin Ɗanasabe.

Ghali ya tafa hannu. "Ashe wanda bai san sallah ba kake yi wa Fatiha tun kana yaro!"

Malamin ya ɗaga murya yana cewa takardar ba ta ce mutumin kakan Ghali ba ne, ba ta ma yi zancen gona ba. Wa zai ji? Dariya ta riga ta tashi. Kafin sati ya zagayo Ghali ya kawo shaidu biyu, dagaci ya yanke hukunci, ya ba shi gonar. Masu binciken kuwa, ko ƙeyarsu ba a sake gani ba. Abin nan ya ƙona wa Hasiya rai, har yau bai daina ba.

Da la'asar ta dawo, kokon ya yi sanyi, ƙuda na yawo a bakin kwanon.

"Hasiya."

"Na'am, Baba."

"Ni na tsaya a kan mai kabarin nan aka cire masa haƙori. In ba nawa ba ne, ai na wani ne."

"Allah ya san niyyarka, Baba."

"To nawa kakan, ina yake?"

Ta gyara masa mayafi, ta fita kiran liman. Kafin su iso ya cika.

Bayan sadakar uku ta bi ta gindin dutsen za ta kai wa mijinta abinci. An yi ruwa da safe, ƙasa ta yi laushi, shanun Ghali biyu na jan garma a gonar Baba. Tun tana yarinya kunyoyin gonar nan in sun iso tsakiya sai su lanƙwasa su kewaye kabarin. Ta tsaya da kwano a ka tana dubawa. Kowace kunya ta miƙe ɗoɗar har bakin dutse.