Injin Baba Masaƙa

Gwaggo Tela na tsakiyar auna ƙugun wata kwastoma ta ji masara ta fara fashewa a bayan bango. Ta ce wa matar ta riƙe numfashi tana zuwa, ta saki tef yana reto, ta tsallake tulin yadi, ta haye 'yar kujera, ta manna kunne a bango, hannu ɗaya a kan makunnin wutar da ke bayan labule. Tas-tas-tas, kamar ruwa a kan rufin kwano. Da ƙarar ta fara ja da baya, ɗaya nan ɗaya can, sai ta kashe wutar. Ba ta mayar ba sai da ta ji an buɗe murfin inji a ɗaya ɓangaren. Ta sauko ta tarar baiwar Allah tana nan riƙe da numfashi, idanu sun firfito. Siket ɗin da aka ɗinka da awon ranar bai taɓa shigarta ba.

Maƙwabcin nata, Baba Masaƙa, a masaƙa ya ƙarar da ƙuruciyarsa. Injuna suka cinye masa kunnuwa, tsufa ya kwashe haƙora ya bar masa biyu a ƙasa don tarihi. Duk da haka ba abin da yake ƙauna a duniya irin gugguru, tsotsarsa yake har ya narke. 'Yarsa Auta ce ta kawo masa injin ɗumama abinci bayan rasuwar mahaifiyarta, don ya daina wasa da gas. Bai taɓa ɗumama ko ruwa a ciki ba. Kullum da yamma sai ya ɗebi masara a murfin kwalba, ya zuba a jakar takarda, ya ɗiga mai, ya naɗe bakin jakar, ya murɗa abin lokacin har ƙurya, don a wurinsa inji ko dai ya yi aiki ko ya huta. To shi gugguru da kunne ake dafa shi. In fashewa ta ragu ba ka kashe ba, gawayi za ka ci. Baba kuwa ko bango ya faɗi sai dai ya ga ƙura.

Ranar da ya fara gwadawa, hayaƙi ya turnuƙe bene, mutanen gida suka fito da bokitai, kayan kwastomomin Gwaggo suka yi sati suna ƙauri. Auta ta zo a gigice, ta sa baki a kunnensa ta gaya masa magana ɗaya: in aka sake ganin hayaƙi a ɗakin nan, za ta kwashe shi ya koma gidanta. Baba ya kau da kai. Gwaggo dai ta ga yadda ya kalli gadon da matarsa ta cika a kai, kallon ya tsaya mata a rai.

Asali gidan nasu ɗaya ne, mai gida ya raba shi biyu da bango mai kaurin kwali, mai haɗa wuta kuma ya mance makunnin kicin ɗin Baba a ɗakin ɗinkinta. Washegari da ta ji tsohon nan mai taurin kai ya sake kunnawa, ta haye kujera ta kashe masa wuta a kan gaɓa. Ta gaya wa kanta don yadin mutane take yi. Ƙarya take. Tun da 'ya'yanta suka watse, tarin Baba ta bango da jan silifas ɗinsa su ne 'yan hirarta, kuma ba ta son ɗakin nan ya yi shiru.

Shi kuwa Baba sai ya yanke hukuncin cewa injinsa hankali gare shi. Da ya ga fitilar ciki ta mutu sai ya buɗe, ya mayar da abin murɗawa, ya shafa kan injin. Ba wanda bai ji labari ba a layin. Mai askin da ke ƙasa ya je ya sayo irinsa sak, ya murɗa har ƙurya ya fita, Allah ya kiyaye da shagon ya tashi. Baba ya ce ai na bogi aka sayar masa. Gwaggo kuwa ta zama fursunar yamma. Biki ta baro ana tsakiyar rabon abinci, kasuwa ta baro ana tsakiyar ciniki. Ladan da ta samu shi ne duk suka haɗu a matakala sai ya yi mata ƙorafin keken ɗinkinta na hana shi barci, mutumin da ba ya jin tsawa.

Ana haka ƙirji ya sa shi gaba. Ya rame, numfashi ya zama aiki. Wata yamma Auta ta iso da mota da babban akwati, ta ce ba za ta bar kurma marar lafiya da abin wuta shi kaɗai ba. Gwaggo ta shiga duba shi, ta tarar da shi a bakin gado ya ƙi sa takalmi.

"A nan uwarki ta cika," ya ce, da muryar kurame da ake ji har titi. "Ni ma a nan nake so a same ni."

Auta ta ce ita wuta take tsoro. Ya ce in dai wuta ce, a gwada yanzu a gabanta: in injin bai kashe kansa ba, da ƙafarsa zai shiga motar. Auta ta yarda nan take, don ta san abin da ta saya. Kafin Gwaggo ta motsa, yarinyar nan mai ladabi ta zaunar da ita a kujerar can ƙurya, ta ɗora mata kofin shayi mai zafi a hannu, ta ce ita ce shaida.

Baba ya zuba, ya naɗe, ya murɗa, ya harɗe hannuwa. Tas. Tas-tas. Gumi ya keto wa Gwaggo. Ta ce ta tuna ta bar dutsen guga a kunne. Auta ta miƙe ta ce su yi zamansu, bari ta je ta kashe musu. Gwaggo ta ce a'a, dutsen nata ba ya son baƙin hannu. Ta dire shayi, ta fita da gudun da rabonta da shi tun tana budurwa, takalmi ɗaya a ƙafa. Auta ta ɗauki ɗayan ta bi ta da shi.

A kan kujera ta same ta, kunne a bango, hannu a makunni, ɗankwali ya zame. Dutsen guga na gefe a kife, sanyi ƙalau. Auta ta kalli makunnin, ta kalli bangon.

"Gwaggo, tun yaushe?"

"Tun ranar hayaƙi."

"Kullum?"

"Yi shiru, 'yar nan, saurare nake."

Auta ta matso da takalmin a hannu, ita ma ta jingina kunne. Fashewar ta fara ragewa. Gwaggo ba ta kashe ba, ido ta zuba wa Auta, don uban nata ne, kuma maganar yanzu a hannunta take. Tas. Shiru. Tas.

"Ku kashe, Gwaggo," Auta ta ce a hankali.

Ta bango suka jiyo murfi ya buɗe, sai muryar Baba yana kiran duk wanda ke da ido ya zo ya gani. Auta ta share hawaye da yadin wata kwastoma, ta koma. Ba ta tsira ba sai da ya sa ta bai wa injin haƙuri, ta kuwa ba shi. Akwati ya koma mota yadda ya zo. Da za ta tafi ta damƙa wa Gwaggo mabuɗin ɗakin, ta riƙe hannunta gam.

Ya ƙara 'yan makonni, Auta na zuwa da safe, yamma kuma tasa ce da injinsa. Ran nan masara ta fashe kamar kullum, Gwaggo ta haye, ta saurara, ta kashe. Ta jira ƙarar murfi. Ta jira har ƙafarta ta yi sanyi a kan kujera. Ta sauko ba ta mayar da wutar ba, ta ɗauki mabuɗi.

Yana zaune a kujerarsa yana fuskantar injin, kwano a cinya, ɗan gishiri a tafin hannu, kai ya karkata gefe kamar mai saurare. Ta kira shi da ƙarfi yadda aka saba kiransa. Ta sake kira a hankali. Sannan ta rufe masa ido, ta buga wa Auta waya, ta yi kukanta mai isarta.

Kafin mutane su hauro, ta buɗe injin. Jakar ta kumbura tam. Ta warware bakin, ta juye masa a kwanon, fari tas, ko ɗaya bai ƙone ba. Ta jawo kujera ta zauna kusa da shi, tururi na tashi a tsakaninsu.