Bakan Dutsen Absalom

Absalom magini ne a Damare, taurin kansa kuwa ya fi na dutsen da yake sassaƙa. Da ƙuruciya ya yi aiki a Garwa wajen wani Fada Bafaranshe. Fadan ya nuna masa hoton cocin ƙauyensu can a ƙasarsu, wanda aka gina ɗaruruwan shekaru kafin a kafa Yola. Rufinsa baka ne na dutse zalla, ba azara, ba ƙarfe. An yi yaƙe-yaƙe, an ƙona ƙauyen, bakan yana nan tsaye. Ya koya masa yadda ake yi: a kafa madogarar katako, a jera duwatsu a kanta, a danna na tsakiya, sannan a zare katakon. Nauyin duwatsun ne ke riƙe juna.

Abin ya shiga ran Absalom ya ƙi fita. Zamanin Jihar Arewa maso Gabas, lokacin da kowa ke rububin rufin kwano, ya yi ta damun dattawan cocinsu har suka gaji suka ce ya yi wa cocin irin wannan rufin. Ya ƙarar da sauran ƙarfinsa a ginin nan. Gwiwa ta tafi, ido ya fara hazo.

Ranar da ya zare katakon, mutane suka ja da baya suna toshe kunne. Bakan ko gezau.

Lahadi ta zo, ba wanda ya shiga. Mama Keturah, shugabar zumuntar mata, ta leƙa daga bakin ƙofa.

“Baba Absalom, mene ne ya riƙe shi?”

“Nauyinsa.”

“Nauyi yana faɗuwa ne, ba ya riƙewa. Ni ba zan kai jikokina ƙarƙashin ɗaki ba azara ba.”

Gaskiya ban ga laifinta sosai ba. Duk bakan gizon rufin soro da muka tashi muka gani, azara ce ƙashinsa. Amma abin haushi, damina ta zo ta wuce, suna sujada a gindin tsamiya ruwa na dukansu, Absalom shi kaɗai a ciki, a bushe, ransa a ɓace.

Daga ƙarshe dattawa suka ce a rushe a sa kwano. Shi kaɗai ya san yadda za a sauke duwatsun ba su kashe kowa ba: sai an mayar da madogarar tukuna. Ya mayar da ita yana hawaye.

Lahadin da ta biyo, coci ya cika maƙil. Aka fasa rushewa. Keturah ta shafa katakon, wanda ko nauyin zare ɗaya ba ya ɗauke da shi, ta juyo ta ce:

“Ka gani, Baba? Allah ya taimake ka ka ji magana. Da ba itacen nan ba, da ka kashe mu duka.”

Absalom ya juya. Ya ɗauki sandarsa ya fita ya zauna a gindin tsamiya.