Yatsa na Biyar

Tana shimfiɗa takardar zanen sabuwar tuta a kan teburin yankan yadi ta ga abin da suka yi, nan take ranta ya ɓaci. Shekara goma sha biyu ita ke ɗinka wa majalisar ƙaramar hukuma tuta, ko ido rufe ta san tambarin nan: garkuwa, shuɗin layi a ƙasa shi ne kogi, gada a kansa, can sama hannu riƙe da guduma. Yatsun hannun huɗu ne. Yau ga su biyar cif.

Hannun babanta ne fa. Ranar da ake ɗora ƙarfen gadar, sarƙa ta kuɓuce ta tafi masa da yatsan manuni. Ko sannu ta kirki bai samu ba, sai dai mai zanen wancan zamani ya sa hannun a tambari yadda yake. Yanzu tsohon ba ya fita. Ranar Litinin kawai yake sa a kai shi bakin titi ya kalli tuta.

Ko mayafi ba ta gyara ba ta nufi ofis. Sabon sakatare, wanda ba a haife shi ba lokacin da aka gina gadar, ya ce kuskuren zane ne, baƙi na yi musu dariya, shi ya sa aka gyara a kwamfuta. Ta ba shi labarin duka. Bawan Allahn nan yana danna waya ya ce hannun na nufin ƙwazon al'umma, ba hoton uban kowa ba ne, in ba za ta iya ba teloli sun yi yawa a gari. Ƙwazon al'umma! Al'ummar ce aka ɗauka a baro jini na zuba?

Ta dawo gida tana huci. Baba ya karɓi takardar ya kai ta kusa da ido, ya ƙirga da bakinsa, ya miƙo mata.

"Ɗinka musu, uwata," in ji shi. "Kada ki rasa aikinki a kan abin da ya riga ya tafi."

Wannan haƙurin ya fi komai ƙona mata rai. Kwana uku tana kan keke, ta fitar da yatsa biyar har da farce, ɗinkin da ba ta taɓa yin mai kyansa ba.

Ranar zaman majalisa ta shimfiɗa tutar a teburinsu. Kansiloli suka yi ta yabo, sakatare har da gyara hula. Sai ta zaro almakashi daga jaka ta datse manunin tun daga gindi, ta ajiye guntun a gabansa.

"Na farkon ma a bakin aikinku aka yanke shi," ta ce. "Wannan dai ku adana, wancan ba ku ko nema ba."

Ta san ta bar aikin ke nan. Ta mayar da almakashinta jaka, ta tafi ɗora wa Baba ruwan wanka.